Fayil ɗin Sista ya je Yola, ita tana Jimeta

Ana sallame sallar asuba muka tashi, ni da babbar sistar ɗakin da nake aiki, a wani asibitin gwamnati da ke arewacin jihar. Ita ce mai tafiyar, ni ɗan rakiya ne. An kira ta intabiyun ƙarin girma, kuma shi ne na ƙarshe da za ta iya shiga, don ritayarta ta matso. Ta daɗe a mataki ɗaya. Ban san adadin shekarun daidai ba, shi ya sa ba zan faɗa ba. Abin da na sani shi ne, matakin da mutum ya ajiye aiki a kai, da shi ake yanka masa fansho. In wannan rana ta kuɓuce mata, ta kuɓuce ke nan.

Ni da digiri na shigo aikin jinya, aka ɗora ni a matakin da bai yi nisa da nata ba, alhali ita ta koya mini yadda ake samo jijiyar jariri. Abin yana damuna, ko da yake ba ta taɓa nuna mini a fuska ba, illa dai takan kira ni Digiri. Wataƙila wannan nauyin ne ya sa na nemi hutun yini ɗaya, na ce zan riƙe mata fayil. A ciki akwai takardar kama aiki, da lasisi, da takardar ƙarin girmanta na ƙarshe wadda ta yi ja don tsufa, duk na asali. Leda biyu na sa masa.

Kuɗin mota ya ƙaru a kan yadda muka sani, kuma duk da haka mutum huɗu aka cusa mu a baya. Hanyar wani wuri sumul, wani wuri direba sai ya zaɓi ramin da zai faɗa. Sista ba ta ɗaga kai ba, tana ta bitar wani tsohon littafinta na makaranta, leɓenta na motsi. A Girei ta sayi ƙosai da kunun gyaɗa, ni na kasa ci. Muka wuce Vinikilang mata na ɗora kwandunan ganye a keke za su kasuwa, sai ga gada. Kogin Binuwai ya ja baya sosai, yashi ya fito, mutane sun yi shuka a inda ruwa yake a da. Ko tara ba ta yi ba, amma zafi ya fara magana.

A tashar Jimeta muka rabu. Ba a shiga intabiyu sai da fararen kaya, ita kuma ba ta tafiya da su a jiki, don haka za ta biya unguwar Karewa gidan 'yar yayarta ta goge ta sa.

"Ka wuce da fayil ka jira ni a can," ta ce. "Ka san wurin?"

Na ce na sani. Gaskiyar magana, sau ɗaya na taɓa zuwa, shi ma a motar wani, ina baya. Amma takardar gayyata tana hannuna, kuma a ƙarshen adireshin an rubuta Yola ɓaro-ɓaro. Na tare mai keke napep na ce Yola. Ya ce, "Yola gari?" Na ɗauka cikin gari yake nufi, na ce e. Kuɗin da ya faɗa ya yi yawa, ya kamata in tsargu. Sai na zaci ya ga baƙo ne kawai.

Muka yi ta tafiya. Shaguna suka ragu, manyan gine-gine suka koma bayanmu. Zuciyata ta fara ce mini akwai matsala, amma kunyar tambaya ta rufe mini baki. Can muka shiga tsohon gari, inda ko'ina Fulatanci ke tashi. Mai keke ya ce ina zan sauka, da ya ga ban san ko'ina ba, ya ajiye ni a unguwar Adarawo ya juya.

Wani dattijo na zaune a gindin darbejiya. Ya gaishe ni da Fulatanci, na amsa da "jam", iyakar abin da na iya. Na miƙa masa takardar. Ya nisanta ta da idonsa ya karanta a hankali.

"Ɗana, wannan ai Yolan takarda ne," ya ce. "Yolan takarda a Jimeta yake. Nan Yolan mutane ne. Daga ina ka hau keke?"

Na ce daga tasha. Ya girgiza kai, ya ce da ƙafa ma da na kusa isa.

Kafin in yi godiya waya ta yi ƙara.

"Digiri, kana ina? An fara kiran suna."

"Sista, ina Yola."

"Wane Yola?"

"Tsohon garin."

Ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi, "To. Riƙe fayil da kyau," ta kashe. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Keken da na samu yana jiran ya cika, na biya kuɗin kujerun duka. A hanya muka tarar da layin mai ya ci rabin titi. Na rungume fayil ɗin, gumi na zuba a kan ledar, ina lissafin abin da ba ya lissafuwa: shekarun da ta yi tana kwanan asibiti, da yadda zan kalle ta gobe. Ta sake kira ta ce saura mutum biyu a gabanta. Daga nan na kira sau huɗu ba ta ɗauka ba.

Sha ɗaya ta gota na isa. Nas-nas cikin fararen kaya sun cika baranda da gindin itatuwa. Na hango ta a kan benci tana fifita da littafinta, na tabbata an wuce ta. Ta karɓi fayil, ta buɗe, ta duba takardun ɗaya bayan ɗaya, ta rufe. Wata nas mai ƙiba da ke gefenta, daga kudancin jihar, ita ta tausaya mini.

"Zauna, ƙanina, kar ka faɗi mana a nan, ba mu zo aiki ba. Mun yi canjin duti."

Ashe da aka kira sunan Sista, wannan matar ce ta miƙe ta ce wa mai riƙe da jerin sunaye sun yi musaya, kamar yadda muke yi a asibiti in wani ya samu uzuri: a yarda, a rubuta, aiki ya tafi. Mutumin ya ja kibiya a takarda. Da layi ya sake zagayowa wata ta karɓa, sannan wata. Na leƙa takardar, kibiya uku sun gangaro da sunan Sista kusa da ƙarshe. Babu wadda ta san ta a cikinsu kafin safiyar nan.

Da ta shiga, na zauna ina jin hirarsu. Wata ta ce abokan karatunta sun tafi ƙasar waje. Wata ta ce waɗanda ta horar sun zama shugabanninta. Ba zan iya tabbatar da duk abin da na ji ba, amma ban ga alamar ƙari a fuskokinsu ba. Da aka tambaye ni matakina, na faɗa ƙasa-ƙasa.

Sista ta fito da hatimi a bangon fayil ɗinta. Sai a hanyar dawowa, a gada, bayan ta sayi busasshen kifi, ta yi magana. Ta ce ɗaya daga masu tambayar ɗalibinta ne a da, kuma tambayarsa ita ce yadda ake miƙa aiki.

"Me kika ce masa, Sista?"

"Na ce mai karɓa kar ya ce ya gane alhali bai gane ba." Ta miƙo mini ƙosan safe, ya yi sanyi. Na ci.

Kafin magariba muka isa gida. Sakamako bai fito ba tukuna, don haka ba zan ce ta samu ba, sai dai an gan ta, an ji ta, sunanta yana cikin waɗanda za a duba. Ni abin da na dawo da shi biyu ne. Tambayar da na ji kunyar yi ta kusa taɓa fanshon mace mai shekaru. Kuma bai kamata a ce haƙƙin wadda ta ƙarar da ƙarfinta a kan marasa lafiya ya rataya a safiya ɗaya da kirkin mata uku ba.

Washegari wajen miƙa aiki, kowane gado sai da na tambaya sau biyu. Sista ta rufe littafin miƙa aikin ta dube ni.

"Gado na shida yana Jimeta, Digiri. Kar ka kai maganinsa Yola."