Rigar da Auta Ta Sa Ranar Shari'a

Anti Tela kowa yake ce mata a layin, har waɗanda suka yi jika da ita. Shagonta bai wuce shimfiɗar tabarma biyu ba: keken ɗinki ɗaya, madubi mai tsaga, da bencin da masu jiran kaya ke zama suna gulmar waɗanda suka tashi. Shekara goma sha tara tana taka keken nan. A kansa ta yi goyon 'yarta tilo, wadda ake kira Auta ko da yake ba ta da wa ba ta da ya, a kansa kuma takardar saki ta same ta.

Sakin ta shanye shi. Sammacin da ya biyo baya ne ya karya ta. Tsohon mijin, ma'aikacin wani ofis, ya nemi kotu ta ba shi riƙon yarinyar, wai uwar ta mai da ita 'yar aikin shago.

Ranar shari'a, lauyarta ta ja mata kunne tun a bakin ƙofar kotu. "Anti, don Allah abin da aka tambaye ki kaɗai za ki amsa. E ko a'a."

To amma wa ya taɓa ganin telan da aka yabi ɗinkinsa ya yi shiru? Lauyan mijin, mai bakin zuma, ya dubi rigar da Auta ta sa, ya ce, "Malama, kalmasar nan ta yi kyau. Aikinki ne?"

Fuskar Anti ta washe, karo na farko cikin wata huɗu. "Ranka ya daɗe, ita ta yi da hannunta. Tun tana shekara shida take riƙe allura. Ranar da aiki ya yi mana yawa, maɓalli talatin take sawa kafin ta ɗaga kai."

Lauyarta ta sunkuyar da kai. Alƙali ya rubuta. Kafin azahar an yanke hukunci: yarinya ta koma hannun uba, uwa ta gan ta Asabar biyu a wata, bisa sharaɗin ba za a sa ta aikin shago ba. Anti ta yi kukan da bai da sauti, don ta san ba lauya ne ya kayar da ita ba, bakinta ne. An ɗaukaka ƙara, ba ta haifar da komai ba.

Yanzu ran Asabar direban uban yakan sauke Auta da ƙarfe goma. Ta gaishe da uwarta, ta zauna a bencin baƙi, hannuwa a cinya. Idon Anti ya fara rauni. Asabar ɗin da ta wuce ta lashi zare ta nufi kafar allura, ya goce. Ta sake, ya goce. Sau bakwai. Yarinyar tana kallo, yatsunta na motsi.

"Umma, kawo in..." Sai ta haɗiye sauran. "Baba ya ce in na taɓa, ba zan ƙara zuwa ba."

"Na sani, uwata. Zauna abinki."

Anti ta ajiye allurar. Suka zauna haka har direba ya yi hon.