Gajeren Lagwani

Yohanna ba ya sayar mini da kifi sai ya fara ɓata mini lokaci. Ni ce Scholastica mai bandar kifi a unguwar Nasarawa, kuma ban taɓa ganin masunci mai fitina irin tasa ba. Zai hauro daga kogi da kwandonsa, ya tsuguna a ƙofata, ya zaɓi 'yar ƙaramar tarwaɗa ya tsaga cikinta, ya matse abin da ke ciki a tafin hannunsa. Itacena yana ƙonewa a banza, shi yana shinshinar kashin kifi.

"Mama, duba nan. Shinge ne, garar nan mai fiffike, da tsutsa. Bana yaran sun ƙoshi."

Yara yake ce wa kifayen, shi da bai taɓa haihuwa ba. Daga wajen Kachia ya zo neman aiki a masaƙa, ƙarar inji ta kore shi, ya faɗa kogi bai sake fitowa ba. Ya sha gaya mini, ko ina so ko ba na so, cewa in damina ta cika, ruwa yana hawa fadama, 'ya'yan kifi su shige ciyawa su ci ƙwari da gansakuka, kafin kaka sun yi ƙiba. In ruwa bai hau ba, sai su maƙale a gurbi, kai ya yi girma, jiki ya tsaya kamar yatsa.

A shekarar tamanin da huɗu ruwa bai hau ba. Kogin ya janye har duwatsu suka fito, kifin gefenmu duk ya taru a wani gurbi bayan babban dutse. Da farko Yohanna laka yake samu a cikinsu. Wata rana ya tsaga tarwaɗa a ƙofata. Ya zaro wata 'yar tarwaɗar daga ciki, da gashin bakinta da komai.

"Sun fara cin juna," ya ce. "Wanda ya ɗan fi girma ya haɗiye ƙaninsa."

Daga ranar ya hana kowa taɓa gurbin. Ya ce waɗanda suka rage su ne iri, in aka kwashe su babu kifi baɗi. Ya fasa wa wani baki a kan haka, aka fasa masa goshi da gora, washegari ya koma ya zauna a kan dutsen da tsumma a kai. Na zage shi, don ni ma tukunyata babu komai. Amma raina ya san gaskiyarsa.

Ishaku ƙaninsa ne uwa ɗaya uba ɗaya. A shekarar nan aka sallame shi daga masaƙa, ga mata ga yara huɗu a ɗaki ɗaya a Kakuri. Ya zo ya roƙi yayansa ya bar shi ya ja taru sau ɗaya tak.

"Yaya, abeg. Yarana garin kwaki suke sha da ruwa, ko suga babu. Kai kana gadin kifi?"

"Ba nama a jikinsu, Ishaku. Daga ƙaton kai sai ƙaya. Ka haƙura ruwa ya dawo."

"Ruwan ya yi maka alkawari ne?"

Suka kama kokawa a gaban mutane har sai da aka raba su. Ishaku ya tafi yana tofar da jini.

Wani abokinsa mai fasa dutse ne ya ba shi nakiya. Masu kashe kifi da ita suna yanke lagwanin ya zama gajere, don kada kifi ya watse kafin ta tashi. Kana kunnawa kana jefawa, ba tsayawa. Abokin ya yanke masa yadda aka saba.

Wata safiya ina bakin kogi ina tsintar itace. Na ga Ishaku ya hau dutsen, sigari a baki, abu a hannu. Yohanna yana ganinsa ya faɗa gurbin, ruwa iya ƙirji, ya buɗe hannuwa.

"Fita, Yaya!"

"Ba zan fita ba."

"Wallahi zan kunna!"

Ya ɗauka in yayansa ya ga hayaƙi zai gudu. Ya kai sigarin kan lagwani. Abin ya fara tsartsatsi, Yohanna bai motsa ba. Sai na ga fuskar Ishaku ta sauya. Ya juya dama, mata suna wanki. Ya juya hagu, ga ni nan da itacena. Gabansa kuma ɗan'uwansa.

Yohanna, wanda ya zub da jini a kan gurbin nan, shi ne ya kurma ihu: "Jefo! Jefo a ruwa!"

Ishaku bai jefa ba.

Ƙarar ta kayar da ni. Da na ɗago, jini ya wanke dutsen, Ishaku yana kwance yana shure-shure, hannunsa na dama ya ƙare a wuyan hannu, fata tana reto. Yohanna ya fito yana kuka kamar ƙaramin yaro, ya yage rigarsa ya ɗaure damtsen, ya saɓe shi a baya ya yi titi da gudu. Har yau in na tuna, ina jin haushinsu su biyun.

Gurbin ko girgiza bai yi ba. Da damina ta zagayo ruwa ya hau fadama, yaran suka shiga ciyawa suka yi ƙiba. Kwandon farko Yohanna ya kawo mini, bai tsaga ko ɗaya ba. Na banda masa, muka tafi Kakuri tare. Ya zauna gaban ƙaninsa yana cire ƙaya yana ajiye masa tsokar a kwano, don mai hannu ɗaya ba ya iya ɓare tarwaɗa.

Ishaku ya kalli kwanon ya ce, "Sun girma, Yaya?"

"Sun girma."

Ya tura wa yaransa kwanon da dungulmin, ya juya fuska ga bango.