Baƙaƙen Duwatsun Murhu

A gidanmu na Kagoro, Kirsimeti yakan fara ne tun ranar da Kaka, mahaifiyar babanmu, ta ɗauki daro ta nufi gindin dutse ɗebo farar ƙasa. Kwana uku take yi tana shafe ɗakuna da tafin hannunta. In farin ya bushe sai ta jiƙa jar ƙasa ta ja zane mai lanƙwasa a bakin kowace ƙofa. Mu yara aikinmu ɗebo ruwa da ɓata abin da ta gyara. Madafa kaɗai ba ta taɓawa, wai wanda ya shafe madafa hayaƙi ya yi wa kwalliya.

Ran jajibere, da rana ta faɗi sai a hura wuta a tsakar gida. Mama na suyar naman akuya da cincin, Kaka kuma na zaune gaban tukunyar wakenta tana niƙa riɗin da za ta zuba. Waken nan da riɗi da manja nata ne, ba mai sa mata hannu. Mu kuma mu kewaye wutar, wai tatsuniya muke jira, alhali idonmu na kan kwandon nama. Ta san mu sarai. Sai ta buga muciya a bakin tukunya ta ce, "Kunne ya zo, ko ciki ne kawai ya zo?"

"Kunne ya zo, Kaka."

Hausarta ta kasuwa ce, da girma ta koya, amma ba ta taɓa hana labari daɗi ba. Akwai guda ɗaya da take maimaitawa kowace shekara har muka gaji da shi. Wai wata mata ce za ta yi manyan baƙi ranar biki. Ta share gida, ta shafe ko'ina fari fat. Da ta juya sai ta ga duwatsun murhunta uku baƙi ƙirin, kunya ta kama ta. Ta kwashe su ta zubar bayan rumbu, ta je rafi ta ɗebo farare masu santsi ta jera. Ta ɗora tukunya, ta hura wuta. Dutsen rafi kuwa ruwa ne a cikinsa. Da wuta ta ci shi sai ya fashe, tukunya ta kife, ga baƙi a ƙofar gida. Matar ta ruga bayan rumbu tana roƙon tsofaffin duwatsu su dawo.

A nan Kaka takan ƙanƙance murya ta zama dutse. "Ke, wannan baƙi da ka gani a jikina, a ina na samu? Ba a wutan gidanka ba?"

Mu kwashe da dariya. Ƙanena Bulus kullum sai ya tambaya ko duwatsun sun yarda.

"Ya yarda mana," in ji ta. "Dutse ba ya riƙe mutum a zuciya. Amma sai da matan ya durƙusa."

Na girma, na zama malamar makaranta a Kafanchan, na kuma samu wanda zan aura. Iyayensa manyan ma'aikata ne a Kaduna, suka ce za su zo Kirsimeti su ga gidanmu. Daga ranar na fara ganin gidan da idon baƙo, komai ya zame mini abin kunya. Na sayo fenti shuɗi na sa aka shafe ɗakunan. Na rataya balan-balan da 'yan fitilu masu ƙiftawa. Na ɗauko mata biyu masu girkin biki da murhunsu na gas, su yi dafa-duka da kaji da salak.

Da na iso da kayan, Kaka ta riga ta ɗebo farar ƙasarta, ta kuma tsince wake. Na tsaya a kanta na ce, "Kaka, bana ki huta. Hayaƙin itace zai ɓata fenti. Kuma mutanen nan ba su saba da irin wannan abincin ba."

Mama ta dube ni. Kaka ta jima tana kallon daron. Sannan ta ce, "To, Malama." Tun da aka haife ni Rifkatu take kirana, ba ta taɓa ce mini Malama ba sai ranar.

A jajiberen nan ba a hura wuta a tsakar gida ba. Washegari da aka tashi daga majami'a Kaka ta koma ɗakinta na can ƙarshen gida, ta zauna da zanen ƙungiyar zumuntar matan majami'a a jikinta tana jiran a kira ta. Ban kira ta ba. Da baƙin suka nemi gaida tsohuwa, na kai su bakin ƙofa, ban bari sun shiga ba.

Kada in yi wa kaina ƙarya, ranar na tuna da tatsuniyar. Ina raba abinci ina jiran wani abu ya fashe. Ba abin da ya fashe. Shinkafa ta dahu, nama ya isa kowa, surukata har ta tambayi wanda ya zaɓi launin fentin. Bayan sabuwar shekara na koma aiki cike da jin na fita kunya. Kaka ta rasu kafin Ista.

Na daɗe ina jin haushin labarin nan, don ya koya mini cewa in ka wulaƙanta wanda ya yi baƙi a hidimarka, nan take za ka gani. Ba haka duniya take ba, kuma ina zaton Kaka ta fi ni sani. Yanzu na gane matar tatsuniya sa'a ta yi, tukunyarta ta kife tun da sauran lokacin roƙo. Ni girkina ya yi kyau, aka ci aka yaba, shi ya sa har aka binne Kaka ban je na durƙusa ba.