Badaru na Alshajara da Motar da Ta Ƙi Ja

Badaru ba mutum ne mai daɗin sha'ani ba, kuma bai taɓa wahalar da kansa wajen ƙoƙarin zama hakan ba. An haife shi a kambo, wato zangon 'yan ƙwadagon auduga a Jazira, kusa da Hasahisa, inda iyayensa suka ƙarar da ƙarfinsu a gonakin wasu. Tun yana ɗan shekara goma sha biyu ya ƙi tsinkar auduga, ya liƙe wa injinan ban-ruwa. Daga nan ya koma tarakta, daga tarakta ya koma manyan motoci. Da ya zo Khartum sai ya kafa rumfar kwano a bayan layin maƙera na unguwar Alshajara, ya kira ta warsha, wato gareji. Ba shi da lasin, ba shi da takardar ɗan ƙasa, don ubansa ya mutu yana cewa gobe zai je ya nema. Abin da yake da shi kunne ne. Injin dizal ya yi tari a ƙarshen layi, Badaru zai faɗi abin da ke damunsa kafin direban ya kashe mota, sannan ya zagi direban.

A shekara ta uku da sojoji suka karɓi mulki, man dizal, wanda a nan ake kira jazolin, ya zama abin rabo da kati. Mutum ya wuni biyu a layi ya fito da galan huɗu. Masu tiyo suna bin motocin da ke layi suna zuƙe abin da ya rage a tanki. Kowa ya sa wa murfin tankinsa kwaɗo, kowa yana kallon maƙwabcinsa a matsayin ɓarawo. Sai wata al'ada ta shigo gari. Duk wanda zai bar mota a wurin makanike, sai ya fara zuƙe manta ya kai gida a jarka, ya bar ɗan abin da zai isa a tada inji a zaga layi sau ɗaya. Makanikai sun san abin da hakan ke nufi. Sun haɗiye, don su ma wasunsu ba su da gaskiya.

A wannan lokacin ne Alhaji Abdulganiyu ya kawo motarsa. Yana da shagon turare a kasuwar Umdurman. Kakanninsa sun baro Sakkwato da niyyar Makka, suka yi aikin Hajji, a hanyar komawa suka tsaya a bakin Nilu ba su ƙara gaba ba. Gidansu gidan malamai ne da fatake, suna da takardu tun zamanin Turawa, kuma mutanen kambo a wurinsu ba su wuce masu ɗaukar kaya ba. Alhaji Larabci yake yi da kowa. Hausarsa ba ta fitowa sai in zai yi ciniki da talaka ko zai ci masa mutunci.

Motar fara ce ƙirar Faransa, mai injin dizal da turbo, shekararta goma sha ɗaya. Ƙorafinsa ɗaya ne, ba ta ja. Da safe ta tashi lafiya, ta fito daga Umdurman da ƙarfinta, amma da ta haye gadar Farin Nilu sai ta fara sanyi. Ya taka totur har ƙasa, ita kuwa sai ƙugi, har amalanken jaki ya wuce shi yana kallo.

Badaru ya bi ta kamar yadda yake bin kowace. Ya cire matacin iska ya ga ya cushe, ya sa wani. Ya bi tiyon iska da hannu tun daga turbo har inji yana neman tsaga, bai samu ba. Ya zaga layi da ɗan man da aka bar masa, motar ta ja kamar doki. Bayan kwana biyar Alhaji ya dawo yana huci. Badaru ya canza matacin mai, ya fitar da iskar da ke bututu, ya zaga layi, lafiya lau. Ta sake dawowa. Ya cire nozul huɗu ya kai wa mai gwaji, ya duba famfon mai, ya duba salansa ko ta toshe. A zuwa na huɗu ya sauke turbon kansa, ya girgiza sandar cikinsa ya ji ba ta wasa, ya wanke shi ya mayar. Duk zuwan nan tanki a ƙafe yake zuwa, da kwaɗo a murfinsa, makullin yana rataye a zaren carbin Alhaji.

A zuwa na biyar, ranar Litinin, Alhaji bai zo shi kaɗai ba. Ya zo da babban ɗansa Haisam, mai ɗan gemu da wando ɗangalalle, wanda ke cikin lajna, kwamitin unguwa da gwamnati ta kafa don rabon sukari da mai da kuma sa ido a kan mutane. Ta hannun Haisam ne Alhaji ke cika tankinsa duk Asabar ba tare da ya tsaya a layi ba. Kowa ya sani, ba wanda ya isa ya faɗa.

Alhaji bai yi sallama ba. A gaban maƙera da direbobi ya ce Badaru ya sace masa turbo na asali ya sa masa na bola, ya ce tun farko an gaya masa kada ya ba ɗan kambo amanar ko da akuya. Ya ce jiya Lahadi, bayan ya cika ta taf, ko unguwar Mogran da ke ƙetaren gada ba ta kai ba ta kwanta masa a tsakiyar titi. Badaru ya ce turbon da ke jikin motar shi ne wanda ta zo da shi, lambarsa tana nan ga mai iya karatu, kuma in Alhaji bai iya tuƙi ba ya ɗauki direba.

Haisam bai ɗaga murya ba. Ya dubi rumfar, ya dubi akwatin kayan aiki, ya fito da wata takarda a ninke daga aljihu ya nuna ba tare da ya buɗe ta ba. Ya kira Badaru da usta, yadda ake kiran gwanin makanike a nan.

"Ya usta, lasin ɗinka fa? Takardar ɗan ƙasa fa? To. Ranar Alhamis in motar Baba ba ta gyaru ba, wannan takardar za ta shiga ofis. Kwanon nan za a kwashe shi, kayan aikin kuma na hukuma ne."

Badaru ya san ba barazanar banza ba ce. A watan da ya wuce an rushe rumfuna uku a layin da ke bayansa, masu su har yanzu suna yawo da sifana a aljihu suna neman aikin wuni.

Da ya koma gida matarsa Asma'u ta ce ya kwashe kayan aikin ya kai gidan yayanta a Hilla Kuku kafin Alhamis, ya bar musu kwanon su ci. Ya ce shekara goma sha tara yana wurin nan, ba zai gudu saboda mai sayar da turare ba. Ta ce to ya zauna, amma ya sani yara ba sa cin taurin kai. Hankalin Badaru na kan maganar da Alhaji ya yi cikin faɗa, cewa bayan ya cika tanki ne motar ta fi lalacewa. Ya kuma tuna cewa a duk ƙorafin nan ba a taɓa ambaton baƙin hayaƙi ba. In iska ce ta kasa, da hayaƙi ya turnuƙe titi. Ke nan mai ne ba ya isa inji. Kuma shi Badaru bai taɓa tuƙa motar da Alhaji ke tuƙawa ba. Abin da ake ba shi mota ce mai tanki wayam, na minti biyar.

Ranar Laraba ya hau bas ya tafi Umdurman, ya tsaya a ƙofar shagon da kayan aikinsa masu maiƙo, a tsakanin matan da ke zaɓen sandal da humra. Ya ce gobe a zo da motar tanki cike, Alhaji ya tuƙa da kansa, shi zai zauna a gefe, a yi tafiya mai nisa. Alhaji ya ce wato yanzu man nasa ma yake so ya ƙona masa. Badaru ya ce in an ƙi, to a kai takardar yau, amma zai gaya wa duk Alshajara cewa an hana shi gwaji. Alhaji ya yarda, ba don kunya ba, sai don matan sun daina zaɓen turare sun tsaya saurare.

Alhamis da hantsi suka ɗauki hanyar Jabal Awliya. Alhaji na tuƙi, Badaru a gefe a kan jaridar da aka shimfiɗa masa don kada ya ɓata kujera, Haisam a baya. Motar ta riga ta yi tafiya daga Umdurman, don haka ba a jima ba. Kafin su fita daga unguwar Kalakla ta fara sanyi. Alhaji ya sauke giya, ya taka totur, injin ya yi ƙugi ya lafa. Badaru ya leƙa baya ta taga, babu hayaƙi ko kaɗan. Ya ce a tsaya, a bar injin yana aiki.

Ya zaga ta baya ya durƙusa, ya leƙa ƙarƙashi. Cikin tankin ya lotsa, ya shige kamar gwangwanin da aka taka. Ya miƙe ya miƙa hannu ya ce a ba shi makullin kwaɗon.

Alhaji ya ƙi. Ya ce injin yana gaba, me ya kai makanike baya, in ba abin da ya saba ba. Suka tsaya a rana, a gefen titi, mutum biyu masu furfura suna jayayya a kan makulli, motocin haya na wucewa fasinjoji na leƙe. Badaru ya ce ba zai taɓa komai ba, Alhaji ya buɗe da hannunsa. Alhaji ya ce ba zai buɗe ba, rana ta yi zafi. A nan ne Haisam, wanda gumi ya jiƙe wa riga kuma yana da taro da azahar, ya zare carbin daga hannun ubansa ya buɗe kwaɗon. Murfin ya ƙi juyawa. Sai da ya sa hannu biyu.

Iska ta shiga da dogon tsaki, har Haisam ya ja baya. Tankin ya yi wata ƙara daga ƙasa, ya miƙe. Injin da ke shirin mutuwa ya daidaita muryarsa nan take.

Badaru ya karɓi murfin ya juya shi. An yanko robar tsohon tif na taya an cusa a ciki, an narka kyandir an bi gefen da shi, ƙaramin ramin da ke tsakiya an toshe shi da kaki har ya yi tudu. Aiki ne na mutum mai haƙuri, irin mai rufe kwalaben turare. Ya tambaya ko wa ya yi wannan aikin. Alhaji ya ce shi ne, kuma ba ya neman izinin kowa. Ya ce kowa a kasuwa ya san zafin Khartum yana shan jazolin ta wannan ramin, wani ma ya auna ya ga yana asarar kwalba guda a mako. In turare na gudu ta murfin da bai rufu ba, me zai hana mai?

"Alhaji, turare ba ya tafiyar da mota. Man da ke fita, dole iska ta shiga ta maye wurinsa. Ka toshe mata hanci, ka cika mata ciki, ka ce ta yi gudu. Sannan ka kawo min ita a ƙafe don kada in sata. Da ka bar mata mai sau ɗaya, da tun zuwan farko mun gama."

Ya ɗauki ƙusa daga aljihu ya tsokane kakin, ya fizge robar ya jefar a ƙasa, ya mayar da murfin. Alhaji ya tuƙa har kusa da Jabal Awliya ya juyo, motar tana ja, yana ta sauraron ko za ta sake sanyi don ya samu abin faɗa. Ba ta yi ba. Da suka iso Alshajara Alhaji ya ce duk da haka bai yarda da turbon ba, kuma yanzu duk man da rana ta sha, Badaru ne sanadi.

Badaru bai kula shi ba. Ya juya ya miƙa wa Haisam hannu ta saman kujera. Haisam ya yi kamar bai gane ba, ya ce ai magana ta wuce, usta. Badaru bai janye hannun ba, bai kuma buɗe ƙofa ba. Maƙera sun fara taruwa suna kallon farar motar da ta tsaya ba wanda ya fito. Haisam ya dubi ubansa, uban na kallon gaba. Ya fito da takardar ya ajiye a tafin Badaru.

Badaru bai iya karatun Larabcin ofis sosai ba, amma ya ga sunansa, ya ga hatimin lajna a ƙasa, an riga an sa hannu. Ya fita, ya wuce wurin maƙerin da ke kusa da rumfarsa, ya cusa ta a cikin garwashi, ya tsaya har ta cinye.

Washegari bayan sallar Juma'a ya samo fenti ya sa aka rubuta a jikin kwanon cewa ba a karɓar mota mai kwaɗo a tanki, ba a karɓar mota da mai ƙasa da rabi. Kusan rabin masu kawo masa aiki suka ɗauke ƙafa, wasu suka ce ɗan kambon ya fito fili da satarsa. Asma'u ta yi wata guda ba ta yi masa magana ba sai ta bakin yara. Rumfar ta ci gaba da tsayuwa a wurinta har shekara goma sha huɗu, yana ciki yana zagin waɗanda suka rage.