Kofi Wajensu, Murfi Wajenmu

Har gobe ba zan manta da ranar wasan ƙarshe na gasar ƙwallon kwalejoji da muka yi a wani fili kusa da Tina Junction a Jos ba. Ku sababbin malamai ku saurara da kyau, don kuskuren ranar nawa ne, ba na kowa ba.

A lokacin ni ne malamin wasanni na kwalejinmu da ke hanyar Kuru, kuma sakataren kwamitin gasar. Aikin sakatare shi ne ya rubuta dokokin gasa, shugabannin makarantu su sa hannu. Abin da babu a takardar nan, alƙalin wasa ba ya zartar da shi. Gasar ta yi shekaru a rufe saboda halin da gari ya shiga, da ƙyar aka yarda muka sake buɗe ta, bisa sharaɗi guda: ko dutse ɗaya aka jefa, an rufe ke nan.

Mu muka kai ƙarshe, mu da wata kwaleji ta Anguwan Rukuba. Fili ya cika maƙil, kowane ɓangare da jama'ar unguwarsa. Aka tashi ɗaya da ɗaya. Alƙalin wasa, Mista Dung, dattijo ne tsohon malami, ya yafito ni ya ce, "Sakatare, me takardarka ta ce?"

Na juya gaba, na juya baya. Wallahi babu. Ashe dokokin wasannin rukuni na kwafo, inda canjaras maki ɗai-ɗai ne, na manta wasan ƙarshe kofi ake ɗauka. Gumi ya karyo mini duk da sanyin Jos.

Ga shi golansu ya ji ciwo a minti na ƙarshe. Saboda haka namu suna ihun a buga fenariti, nasu suna ihun a sake wasa wata rana. Shugaban kwalejinmu, Alhaji Bala, ya ja ni gefe ya ce, "Malam Garba, kai ne sakatare. Ka ce fenariti kawai, wa zai duba?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, Madam Ladi ma ta sa hannu a takardar nan. Idan ta duba fa?" Madam Ladi ita ce shugabar ɗaya kwalejin, mace ce da ko waƙafi ba ya wuce ta.

Na ji tsoro, ba zan ɓoye muku ba. Amma na karɓi lasifika na ce, "Jama'a, babu dokar canjaras a takarda. Ni na manta, laifina ne." Wani daga can baya ya ce, "Oga, gyaɗa kake ci lokacin da kake rubutun?" Aka fashe da dariya, har 'yan Rukuba. Dariyar nan ce ta ba mu sarari.

Mista Dung ya ce ya karanta cewa a kwalejojin Turawa na da, wajen ƙarshen ƙarni na goma sha tara, in aka tashi kunnen doki shi ke nan, a gaisa kowa ya koma makarantarsa. Madam Ladi ta ce, "To Baba, kofi ɗaya ne. Yanka shi za mu yi?"

Ni na goge kofin da safe, na san murfinsa na cirewa ne. Na cire na ɗaga su biyu, na ce kwaleji ɗaya ta ɗauki kofi, ɗaya murfi, bayan wata shida a yi musanya. Alhaji Bala ya ce, "Madam, ku fara ɗaukar kofin. Golanku ya sha wuya." Muka koma Kuru da murfi a bas, ɗalibai suna buga shi kamar faranti.

Ranar musanya na zaci direba za su aiko. Sai ga bas biyu cike da ɗalibai, da ƙwallo, da tukwanen shinkafa. Muka buga wasan sada zumunci, kuma tun daga nan kowace shekara muna buga wannan wasan.

Dokar fenariti na saka ta washegarin wasan ƙarshen nan, kuma ku ma ku karanta takardarku sau uku kafin a sa hannu. Amma abin da na koya shi ne, mutanen garin nan suna yafe wa wanda ya ce ya yi kuskure, ba sa yafe wa wanda ya murɗe musu. An sayi sabon kofi tuni. Tsohon kuwa, duk wanda ya ce a haɗa shi da murfinsa wuri guda, makarantun biyu ne suke taso masa.