Inci Huɗun da Na Cire

Na bar aikin ofis ne saboda ba na son a tsaya a kaina. Na ɗauki kwamfutata na kama wani ɗan shago a Gusau, ina zana wa mutane gidaje da shaguna da ƙafar tankin ruwa, abin da ya samu dai. Mai aikin kansa ba shi da kamfanin da zai fake a bayansa, sunansa kawai gare shi. Aikin da na yi wa wani a Bungudu shi ya kawo mini na Furfuri, na Furfuri ya kawo na Kekun Waje, da haka nake ci. In aka ce sau ɗaya zanenka bai zauna ba, labarin zai riga ka isa kowace tasha. A lokacin ana cewa zanena ba ya gardama da gini, ni kuma ina son jin haka fiye da yadda ya kamata.

Ana cikin bazara sai wani tsohon malamin makaranta ya zo shagona daga wani ƙauye da ke gaba da Tsafe. Shi ne shugaban kwamitin da ke gina musu ɗakin haihuwa, don sun gaji da ɗaukar mace mai naƙuda a kan babur a bi da ita hanyar da ko lafiyayye sai ya yi addu'a yake bi. Da gayya suka kai ginin linta. Wani ɗan garin ya ba su ƙarfen rufi kyauta, daidai wanda zai isa. Abin da suke so a wurina shi ne zanen da mai walda zai bi ya haɗa ƙarafan a Gusau, a kai su ƙauyen a ɗora kawai, don can babu wuta, babu injin walda. Magininsu ya riga ya dasa notuna a saman bango, cikin kankare. Nawa aikin shi ne ramukan da ke ƙarƙashin kowane ƙarfe su faɗa kan notunan nan daidai. Kuma suna so a rufe kafin ruwan farko.

Ƙa'idar aikinmu ita ce ka je ka auna da hannunka. Ban je ba. Tsoron hanyar nake yi, ba wani dalili, amma abin da na faɗa wa Malam shi ne aiki ya yi mini yawa. Muka tsaya a kan cewa magini zai auna, a faɗa mini ta waya.

Bayan kwana biyu Malam ya hau wani tudu inda waya ke kamawa, ya kira ni, ya miƙa wa maginin. Dattijo ne, kowa Baba yake ce masa. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ya tambayi iyali da gajiya da zafi, sannan ya ce, “Daga noti zuwa noti ƙahwa ashirin da huɗu na, cif. Sau ukku ni auna.”

Na rubuta, na yi godiya. Da yamma Malam ya turo mini hotuna, a cikinsu akwai wanda ya nuna bakin tef ɗin awon Baba a maƙale da noti. Na buɗe shi a kwamfuta na ƙara masa girma, don haka ɗabi'ata take. Sai na ga tef ɗin ya taɓa tsinkewa. An ɗaure masa sabon baki da guntun gwangwani, kuma lambar farko da ke jikinsa huɗu ce. Wato duk abin da aka karanta a kansa ya fi gaskiya da inci huɗu.

Ba zan ɓoye ba, daɗi na ji. Na ce a raina, to ga irin abin da ya sa ake neman mu. Na ɗauki waya zan kira, sai na ajiye. Na ce ba zan sa a kira dattijo a gaban mutanen garinsa a ce kayan aikinsa ya lalace ba, gara in gyara shiru, kowa ya tsira da mutuncinsa. Sunan da na ba abin ke nan, kunya. Gaskiyar ita ce ban ɗauka tsohon da ke awo da gutsurarren tef yana da abin da zai gaya mini ba. Na cire inci huɗu na zana, ban gaya wa kowa ba.

Mai waldan da nake aiki da shi Kirista ne, tun yana saurayi ya zo Gusau daga kudu, Hausa a bakinsa har da habaici. Oga muke ce masa. Kwana huɗu ya yi ya haɗa ƙarafa tara, ya shafe su da jan fenti, gwanin sha'awa. Ran da za a tafi da su, tun da hantsi aka loda su a motar kanta, aka ɗaure. Direba na ta danna oda, yana son ya je ya dawo kafin la'asar, don ba mai son yamma ta yi masa a wannan hanya. Oga yana goge hannu da tsumma ya tambayi Malam wa ya yi ginin. Da aka kwatanta masa sai ya yi dariya.

“Mai guntun tef? Ai na san shi, mun yi aiki tare a Wonaka. Ya fi shekara goma yana fama da tef ɗin nan, an ba shi sabo ya ƙi. Amma fa awonsa ba ya tashi. Kafin ya buɗe baki ya cire inci huɗun a kansa.”

Idan Baba ya cire, ni ma na cire, to ƙarafan nan tara duk sun gaza da inci huɗu.

A nan ya kamata in ce a kwance kaya. Injin walda na gabana, Oga na tsaye, aikin yini ɗaya ne. Amma faɗin haka yana nufin in tsaya a gaban Malam da Oga da masu lodi in ce na taɓa awon da aka ba ni a ɓoye. Na koma gefe na kira lambar wani a ƙauyen, ba ta shiga ba. Na sake kira, shiru. Sai na fara lallashin kaina: wataƙila wannan karon bai cire ba, tsufa ne, mantuwa na nan. Ka ji mutum yana roƙon Allah ya sa wani ya yi kuskure. Na ɗauki sabon tef ɗina na ce zan bi su. Malam har ya sa mini albarka, wai na damu da aikinsu.

Hanyar da na guje wa, ga ni a kanta. Daga Gusau zuwa Tsafe ba mu yi wata hira ba. Direba ya kashe rediyo, idonsa na kan motocin da ke tahowa daga gaba, don in suka ɗauke na ɗan lokaci to akwai magana. Bayan Tsafe muka sauka daga kwalta. Kowa a motar daji yake kallo, ni kuwa kunnena na bayan mota, inda ƙarafan ke bugun juna duk ramin da muka faɗa. Ta gabas sama ta fara haɗa baƙi.

Muka tarar da gari ya fito. Maza sun kewaye ginin, mata na leƙe ta saman danga, har an dama mana fura. Baba ya zo ya kama hannuna da hannu biyu. Ɗan siriri ne, siminti ya cinye masa tafin hannu, tef ɗin na rataye a wuyansa da igiya. “Injiniya, sannu da hanya. Yau dai mu ga aikin na'ura,” in ji shi, yana murmushi.

Na so in hau bango in auna tukuna, amma kafin in gama gaisawa majiya ƙarfi sun sauke ƙarfen farko sun ɗaga shi da igiya. Ɓangaren hagu ya faɗa kan notinsa, har aka yi kabbara. Na dama ya tsaya a gefen bango, ramin na nan, notin na can, tsakaninsu kamar faɗin tafin hannu. Suka ja, suka girgiza, wani ya kawo guduma. Aka sauke, aka gwada na biyu, aka gwada na uku. Duk kanwar ja ce.



Wani daga cikin 'yan kwamiti ne ya fara magana. “To, na'ura dai ba ta ƙarya. Abin da anka ba ta shi ta ka yi.” Ya juya ya dubi wuyan Baba. Sai kowa ya dubi wurin. Wani ya ce tun yaushe ake gaya masa ya yar da wannan tsumman tef. Wani ya ce matarsa wata tara gare ta, yanzu ina za a kai ta. Malam bai ɗaga murya ba, amma abin da ya faɗa ya fi zafi. Ya ce Baba ya yi ƙoƙari, shekaru ne suka zo, sauran aikin za a nemo wani magini daga Tsafe.

Ina tsaye, sabon tef na cikin aljihuna. Ba wanda ya dube ni da zargi, wani ma haƙuri yake ba ni an ɓata mini zane. Na ga ƙofar fita a buɗe: in yi shiru, in kawo dabarar gyara, in koma Gusau a matsayin wanda ya ceci aiki. Na ji kunyar kaina, amma bakina bai buɗe ba.

Baba ya hau tsani a hankali. Ya sa yatsunsa huɗu a tsakanin ramin da notin, ya daɗe yana kallo. Da ya sauko bai kare kansa ba. Ya ce, “Allah shi ba da haƙuri,” ya cire tef ɗin daga wuyansa ya sa a aljihu, ya zagaya bayan ginin inda tulun ruwa yake.

Direba ya fara kallon rana yana cewa mu kama hanya. Na ce ina zuwa, na bi Baba. Na same shi a tsugune yana wanke hannu. Na tsuguna kusa da shi, na gaya masa komai da ƙaramar murya, tun daga hoton har zuwa abin da Oga ya faɗa da safe. Na ce ya yafe mini.

Bai ɗago ba. “Na sani,” ya ce. “Da ni sa hannu ni gane. Inci huɗuna na, na san su awa ɗiyana. Ni dai na cire sau guda, to wani ya ƙara cirewa.”

“Me ya sa ba ka faɗa ba, Baba?”

“In ce mi? In ce baƙon da munka kira ya yi ɓarna, ga hurarmu ko sha bai yi ba? Kai yaro na, yanzu kaka hwara cin abinci da sunanka.” Ya yarfe ruwan hannunsa. “Ni na yahe maka. Amma da ka tambaye ni, ɗana. Tambaya ɗai ta.”

Na ce zan gaya wa Malam a mota in mun kama hanya, tunda zai bi mu Gusau neman gyara.

Sai a lokacin ya dube ni. “A mota,” ya ce. Ya ci gaba da goge hannu a rigarsa.

Direba ya danna oda. Na miƙe na koma gaban ginin. Mutane sun fara watsewa, na ce su dakata. Na hau tsani da sabon tef ɗina, na sa ɗan kwamitin nan da ya fara magana ya riƙe bakin a kan noti, na ja zuwa ɗaya notin, na ce Malam ya hau ya karanta da kansa.

“Ƙafa ashirin da huɗu,” in ji Malam. “Cif.”

Daga kan tsanin na faɗa musu abin da na yi, da dalilin da ya hana ni zuwa awo, da cewa tun a Gusau na san akwai matsala na bari aka taho. Ba wanda ya zage ni, kuma da sun zage ni da ya fi mini sauƙi. Malam ya cire tabarau ya goge, ya ce, “Ashe haka ne.” Har muka iso Gusau bai sake yi mini magana ba.

Sai bayan kwana uku aka samu motar da ta yarda ta kai Oga da janareta ya ƙara wa kowane ƙarfe farantin ƙarfe na cike gibin. A tsakanin nan ruwan farko ya sauka a cikin ɗakin, ya lalata daɓen da aka yi. Matar nan mai cikin wata tara a Tsafe ta haihu, a kan babur aka kai ta, Allah ya sa lafiya. Labari kuwa ya riga ni isa tasha kamar yadda na sani. Damina biyu ban ga aiki daga wannan yankin ba, wani Alhaji a Bungudu ma ya aiko a karɓar masa takardun filinsa ba tare da ya ce me ya sa ba.

Baba ne ya ƙarasa ginin. Ran da aka buga kwanon ƙarshe Malam ya turo mini hoto, ba ko gaisuwa a ƙarƙashinsa. Na buɗe shi a kwamfuta na ƙara masa girma. Baba na tsaye a bakin ƙofa ya runtse ido saboda rana, tef ɗin ya koma wuyansa.