Injiniyan Gidanmu da Kwamfutar Baba

Ranar Asabar, 29 ga Mayun 1999, ranar da soja suka miƙa mulki ga farar hula, duk mutanen gidan hayarmu a Makera sun taru a ƙofar ɗakin Mama Rahila mai ƙosai suna kallon bikin a talabijin ɗinta. Ni kuwa ina bakin famfo da tulin kwanuka, ina wankewa ina leƙe. Sai ga Baba ya shigo yana bin mai baro, yana ta ce masa ya bi a hankali. A cikin baron akwai kwamfuta lulluɓe da zanin Inna. Masaƙar da ya yi wa aiki tun kafin a haife ni ta sallame shi, shi ne ya zuba ɗan abin da aka ba shi a wannan na'ura ta hannu. Nan take aka bar shugaban ƙasa yana rantsuwa shi kaɗai, kowa ya dawo kan baro.

Baba ya gyara zauren gidan, ya sa teburi da benci, ya rataye allo cewa ana buga takardu. Ina aji biyu na sakandare a lokacin, kuma yatsuna sun fi nasa sauri, don haka bugun ya zama nawa. In na dawo makaranta, na share tsakar gida, na kai niƙa, sai in zauna gaban kwamfutar har magariba, ina jiyo ƙawayena suna ta carafke a bayan gida. Aiki ya yi ta zuwa, domin a shekarar kowa na son ya taya sabon kansila ko ciyaman murna a rubuce. Ga katin biki, ga takardar neman aiki, ga jadawalin waƙoƙin cocin su Mama Rahila. Aibin na'urar ɗaya ne: in na buɗe aiki mai hoto, sai ta yi nauyi, cikinta ya riƙa ƙarar ƙus-ƙus kamar ɓera a buhun masara. Amma tana gamawa. Baba yakan ce, "Ƙyale ta, Hadiza, tsohuwa ce, ba ta son gaggawa."

A ɗakin ƙarshe na gidan akwai wani Sabo, wanda ya laƙaba wa kansa Injiniya. Kullum da safe zai fito da shuɗiyar rigar aiki da hular kwano ya hau motar Rido, ya bar mutane su ɗauka a matatar mai yake. Ba wanda ya taɓa sanin abin da yake yi a can. Sukudireba ba ya rabuwa da aljihun gabansa, Turanci kuma ba ya rabuwa da bakinsa, rabi daidai rabi kame-kame. Ya taɓa fankar Mama Rahila ta daina juyawa. Ya taɓa rediyon Malam Iliya tela ta koma kama tasha ɗaya. Kowane karo masu wutar lantarki ne da laifi, ko kuma kayan jabu ne. Abin da har yau ke ba ni haushi shi ne yadda manya masu hankali suke sake miƙa masa kayansu, don kawai ya iya ɗaga gira ya ce "dis is simpul."

Ana saura kwana kaɗan jarrabawar ƙarshen zango, wata makarantar kuɗi a Tirkaniya ta ba Baba aikin buga tambayoyinta gaba ɗaya, da alkawarin in ya yi kyau aikin ya zama namu duk shekara. Na ci fiye da rabi, sai Sabo ya leƙo zauren da yamma ya ji ƙarar nan. Ya tsaya ya karkata kai kamar likita.

"Yaya, wannan injin naka yana wahala. Bari in sassauta masa."

Na ce, "Baba, haka take yi kullum, kuma tana gamawa."

Sabo ya dube ni sama da ƙasa. "Tashi, yarinya. Buga harafi daban, injiniyarin daban."

Baba ya yi mini alama da ido, na tashi. Ina tsaye a bayan Sabo ya yi ta shiga wuraren da ban taɓa shiga ba a cikin na'urar, har ya tarar da wani ƙaton fayil da ya ce shi ne dattin da ya cinye wuri. Ya sami wani ɗan akwati mai lamba a ciki, ya goge lambar ya sa sifili. Na'urar ta fito da gargaɗi, ya danna ba tare da ya karanta ba. Da aka kashe aka kunna, ƙarar ta ɗauke, ya buɗe hannuwa yana jiran yabo. Sai dai manhajar bugun ta ƙi buɗewa. Duk abin da aka taɓa, sai ta ce wuri bai isa ba. Sabo bai ko ji kunya ba. Ya ce bairos ne, wai cutar kwamfuta, ya ci ƙwaƙwalwar, dole a buɗe ciki. Washegari ya zazzage kayan cikinta a farantin tuwon Inna, ya kasa mayarwa, ya ce dama an cuci Baba tun wurin saye.

Makarantar ta karɓe takardunta ta kai wani wuri. Baba bai yi faɗa da kowa ba. Ya sauke allon da hannunsa, ya karɓi babur ɗin haya ya fara acaɓa, yana da furfura. Sabo kuwa ya ci gaba da fita da hular kwanonsa, yana gaishe da Baba da fara'a.

Sai da na shiga kwalejin fasaha, a wani darasi kan yadda zuciyar manhajar kwamfuta ke raba ƙwaƙwalwa, na gane abin da ya faru. Ƙwaƙwalwar aikin na'urarmu ƙarama ce, in ta cika sai ta ari wuri a faifan ajiya ta sauke wasu abubuwa, ta ɗauko su in ta buƙata. Ƙarar nan aikinta ke nan. Ƙaton fayil ɗin shi ne wurin aron, lambar kuma iyakarsa. Lafiyarta ƙalau. Mayar da lamba ɗaya ya isa. Na fita daga ajin na zauna a kan matakala, na kasa ko kuka don takaici.

Yau aikina ke nan, saita wa manyan na'urori iyakar abin da za su ara da inda kowace manhaja za ta zauna a ƙwaƙwalwa. Ba na canza lamba sai na rubuta tsohuwar a gefe. Ire-iren Sabo ba su ƙare ba, sun dai ajiye sukudireba sun koma kallon bidiyo a waya, kuma ina gane su tun daga sallama. Zauren nan ya zama shagon cajin waya, mutanen gidan sun watse bayan rikice-rikicen garin, wasu sun haye kogi zuwa arewacin gari wasu sun yi kudu. Baba ya rasu yana ganin shi ne bai iya sayayya ba. Da ma na sami faɗa masa cewa ya zaɓi na'ura mai kyau.